Kama Da Wane Ba Wane Ba Ne: Sharhi A Kan Asalin Kalmar “Boko”

Duk mai nazarin harsuna ya san kalmomi kan yi kama da juna alhali ba abin da ya haɗa su. Rana a Hausa ita ce mai fitowa daga gabas, amma a Latinanci “rana” kwaɗo ne. Idan Bature ya ga an rubuta mace, sandar majalisa zai ɗauka ana nufi. Irin waɗannan ba su ruɗar kowa, domin ma'anoninsu sun yi nisa. Wadda ta ruɗi masana ita ce boko.

An daɗe ana rubutawa cewa boko aro ce daga “book” ta Ingilishi, kuma bayan rikicin Maiduguri na 2009 jaridun ƙetare suka ƙara yayata wannan magana. Mu dai ba mu yarda da ita ba. Da farko, ba ta bi ƙa'idar sautin aro ba. Wasalin da ke cikin “book” shi ne na “cook” da “wool”, waɗanda Bahaushe ya mayar kuku da ulu. Ashe ke nan da aro aka yi, da buku za mu ji.

Hujjar ma'ana ta fi wannan ƙarfi. Ƙamusun Bargery na 1934 ya kawo boko da ma'anar yaudara da algus, wato abin da ba na gaskiya ba. Amaryar boko ita ce yarinyar da ake ɗorawa bisa doki a madadin amaryar ainihi, ga kuma biri-boko da har yau ake faɗa. Saboda haka, lokacin da Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, mutane suna da kalmar raini a bakinsu tun tuni, sai suka laƙaba wa baƙon karatu. Liman Muhammad ya yi nuni da haka tun 1968, Paul Newman kuma ya tabbatar da shi a 2013. Laifin marubuta a nan, a ganinmu, shi ne kwafar juna ba tare da buɗe ƙamusun da ke gabansu ba.

Kalmomin da suka haɗa tushe da gaske ma ba lalle su yi kama sosai ba. Masana sun danganta suna da “ism” ta Larabci, duk da kunne ba zai yi saurin kama dangantakar ba.