A zauna a hasumiyoyin Martello, amma kada a kulle rufinsu

Wani yayi ya kama masu zanen gine-gine a Ingila: a sayi tsohuwar hasumiyar tsaron gaɓar teku, a ɗora mata ɗaki mai tagogin gilashi a sama, ta zama gidan hutun mai kuɗi. Hotunan suna da kyau, amma raina bai kwanta ba.

Hasumiyoyin nan da ake kira Martello, guda 103 aka gina a gaɓar kudu da ta gabashin Ingila tsakanin 1805 da 1812, don gudun kada Napoliyon ya ƙetaro daga Faransa. A tsibirin Kosika aka ga samfurin, inda a 1794 wata 'yar hasumiya ta gagari jiragen yaƙin Birtaniya biyu. Bango mai kaurin gaske ta fuskar teku, ƙofa can sama sai da tsani, igwa a kan rufi. Napoliyon bai zo ba. Masu gadin gaɓa suka gaje su suna dakon 'yan fasa-ƙwauri, sojoji suka sake hawansu a Yaƙin Duniya na Biyu. Wasu teku ta cinye, wasu aka rushe, wasu ma sojoji suka gwada sababbin igwogi a kansu. Fiye da rabi babu su yau.

Don haka ba na tare da masu cewa kada a taɓa su. Ginin da ba kowa a ciki, danshi da gishirin teku ne za su gama da shi, kuma wanda ya kashe kuɗinsa ya toshe yoyo, kamar yadda aka yi wa ta Bawdsey a Suffolk, ya yi aikin kirki. Rufin ne damuwata. Domin rufin aka yi ginin gaba ɗaya. Sai ka tsaya a can ka hango ta gaba, ka gane yadda aka jera su don kowacce ta kare 'yar'uwarta. In ya zama falon mutum ɗaya, me ya rage wa yaran garin su gani?

Akwai wata hanyar. Ta Jaywick a Essex cibiyar fasaha ce da kowa ke shiga. Ta Sandycove kusa da Dublin, inda marubuci James Joyce ya ɗan zauna a 1904, gidan tarihi ce tun 1962.

Ina roƙon hukumomin da ke ba da izinin gyara su sa sharaɗi: duk wanda ya mayar da hasumiya gida, ya buɗe wa jama'a rufinta wasu kwanaki a kowace shekara.