Ahalari da Zuciyar Mai Salla

A ƙasar Hausa da wuya a sami zauren malami inda ba a karanta littafin nan da a ke kira Ahalari. In ɗalibi ya sauke Alƙur'ani, ya shiga karatun ilmi, shi ne ɗaya daga cikin littattafan da a kan fara miƙa masa, kafin ya kai ga Ishmawi da Iziyya da Risala. Ƙaramin littafi ne, mai hanzari ya kan karance shi a zama guda. Amma duk da ƙanƙantarsa, mutane masu yawan gaske daga gare shi suka koyi yadda za su tsaya gaban Ubangijinsu. Littafin da ya ɗauki wannan nauyi kuwa ya cancanta a dube shi da kyau, a san abin da ya koyar da abin da ya bari.

Sunan mai littafin Shaihu Abdurrahman al-Akhdari, harshen Hausawa ne ya mai da shi Ahalari. Mutumin ƙasar Aljeriya ne, daga wajajen garin Biskra, ya yi zamani cikin ƙarni na 10 na Hijira, watau ƙarni na 16 na Miladiyya. Malami ne mai fannoni da yawa. Yana da shekara 21 kacal ya tsara waƙarsa ta ilmin manɗiƙi mai suna Sullam, cikin shekara ta 941 ta Hijira. Wannan littafi na ibada kuwa ya rubuta shi ne bisa mazhabar Imamu Malik na Madina, wadda ita ce mazhabar mutanen Afirka ta Arewa da ta Yamma, shi ya sa ya sami karɓuwa a nan ba da wata wahala ba.

In aka tambayi yawancin waɗanda suka karanta shi abin da suka riƙe, sai su ce ƙabli da ba'adi. Ba su yi ƙarya ba, domin babin rafkanuwa shi ne mafi tsawo cikin littafin duka, da shi kuma aka rufe. Daga nan ne waɗansu su ke yi wa littafin suka. Su kan ce ya mai da salla lissafi: kaza farilla, kaza sunna, in ka rage ka yi kaza, in ka ƙara ka yi kaza. Suna cewa mutum ya iya haddace shi tun daga farko har ƙarshe, ya kuwa yi shekara arba'in yana salla zuciyarsa na kasuwa. Wannan suka ba abin rainawa ba ce, gama kowa ya san mutanen da ke dungura goshi kamar kaza na tsince tsaba, in an yi musu magana su ce ai ba su bar farilla ba. Abin dubawa shi ne, laifin littafin ne, ko kuwa na irin karatun da a ke yi masa?

A fara da mabuɗinsa. Mai littafin bai soma da ruwan alwala ba. Ya soma ne da cewa abin da ya fara wajaba a kan baligi shi ne ya gyara imaninsa, sa'an nan ya nemi sanin abin da zai inganta ibadarsa. Daga nan ya shiga maganar tuba, ya kawo sharuɗɗanta uku: mutum ya yi nadama kan abin da ya wuce, ya ƙudura ba zai koma ba muddin ransa, in kuwa yana cikin saɓon ya bari nan take. Ya hana jinkirta tuba da fakewa da cewa sai ran da Allah ya shirya mutum. Sa'an nan ya bi harshe da ido da zuciya ɗaya ɗaya. Ya hana zagin Musulmi da wulakanta shi da tsorata shi ba bisa haƙƙi ba, ya hana rantsuwa da saki. Ya lissafa ƙarya da giba da annamimanci da girman kai da riya da hassada, da cin dukiyar mutane ba da yardarsu ba, har da cin abinci da addini. Duk wannan ya zo ne tun ba a ambaci buta ba.

Wannan jeri ba a banza aka yi shi ba. Mai littafin ya sa wankin zuciya gaba da wankin gaɓoɓi, don ya nuna wa ɗalibi cewa wanda ya cuci maƙwabcinsa da hantsi, bai tuba ba, ya zo azahar da dauɗar da ruwa ba ya fitarwa. Sai dai da yake waɗannan shafuna su ne na farko, yaro ya kan karanta su tun hankalinsa bai kai ba, ya wuce su da sauri don ya isa inda a ke ganin nan ne karatu.

Bayan ya gama hukuncin tsarki da alwala da wanka da taimama da lokatai, ya lissafa farillan salla da sunnoninta da mustahabbanta, sai ya kawo makaruhai. A nan ma mai lura zai ga inda aka dosa. Cikin abubuwan da aka ƙi akwai waige-waige, da sa kuɗi ko wani abu a baki, da ɗaukar abin da zai dami mutum a aljihu ko hannun riga ko a baya, da tunanin al'amuran duniya. Ya rufe lissafin da duk wani abin da zai ɗauke hankali daga ƙanƙan da kai. Watau igiyar da ta ɗaure makaruhan nan guda ce, ita ce tsare zuciya. Ɗan kasuwar da ya tayar da kabbara cinikin yini na motsi a aljihunsa ya san abin da malamin ke nufi, ba sai an yi masa sharhi ba.

Nan take bayan wannan sai ga wani ɗan fasali gajere, wanda bai fi 'yan layuka ba, shi ne kuwa zuciyar littafin. A ciki malamin ya bar harshen alƙalai ya ɗauki na masu wa'azi. Ya siffanta salla da haske mai girma, ya nuna ba kowa ke samun hasken ba sai mai ƙanƙan da kai. Ya umarci mai salla ya fid da duniya daga ransa in ya zo tsayuwa, ya tuna ko don wa ya ke yi. Ya bayyana cewa tsayuwa da ruku'u da sujada ƙasƙantar da kai ne, kabbara da tasbihi da zikiri kuma girmamawa ne. Ya yi kashedi kada a bar Shaiɗan ya yi wasa da zuciya har ya hana ta ɗanɗanar daɗin ibada, ya kuma ɗaura hanin da salla ke yi daga alfasha a kan wannan ƙanƙan da kai. Wanda ya karanta wannan fasali da natsuwa ba zai sake cewa Ahalari lissafi ne kurum ba. Inda aka ajiye shi ma abin lura ne, tsakanin dokokin salla da babin gyaranta, kamar rijiya a tsakar gida, ta kowane ɗaki aka fito sai an bi ta kanta.

To, saura babin rafkanuwa, wanda a kansa a ke sukan. Ƙa'idarsa mai sauƙi ce. In an rage sunnoni a yi sujada biyu kafin sallama, shi ne ƙabli. In an yi ƙari a yi su bayan sallama, shi ne ba'adi. In ragi da ƙari sun haɗu a yi ƙabli. Farilla ba ta gyaruwa da sujada, sai an kawo ta, mustahabbi kuwa ba a yi masa sujada. Sauran babin duk misalai ne na yadda mutum ke mantuwa: wanda ya yi shakka ko raka'a uku ya yi ko huɗu, wanda ya miƙe bai zauna tahiya ba, wanda ya ɓoye karatu a wurin bayyanawa, mamun da ya tarar da liman ya yi nisa.

Tsawon wannan babi, in an duba, shaida ce ta yadda malamin ya san mutane. Hausawa na cewa ɗan Adam tara ya ke, bai cika goma ba. Littafin bai rubuta dokoki don mala'iku ba, ya rubuta ne don manomi mai gajiya da uwa mai goyo da tsoho mai mantuwa. Abin mamaki kuma shi ne irin maganin da shari'a ta ba mai mantuwa. Ba a ce ya biya tara ba, ba a ce ya tashi ya ba da wuri ba. An ce ya ƙara sa goshinsa ƙasa sau biyu, a wurin da Hadisi ya nuna nan ne bawa ya fi kusa da Ubangijinsa. Ashe kuskuren da ya so nisanta shi, shi ne ya zama dalilin ƙara matsowa. Har ma littafin ya ce wanda ya manta ba'adi ya yi shi ran da ya tuna, ko da shekara ta kewayo.

Cikin wannan babi ne kuma a ke tsintar waɗansu hukunce-hukunce da ke nuna malamin bai saki maganar zuciya ba. Ya ce dariya na ɓata salla, ya kuma tsaya ya yi faɗa cewa ba mai yin ta sai gafili mai wasa, alhali kuwa kukan mai tsoron Allah abin yafewa ne. Ya ce wanda tunaninsa ya ɗan yi yawo cikin harkar duniya sallarsa ba ta ɓaci ba, amma ladansa ya ragu. A wannan hukunci guda ya raba abu biyu da mutane ke haɗawa, watau ingancin salla da nauyinta wurin Allah. Na farko malami ya iya aunawa, na biyu kuwa tsakanin bawa da Mahaliccinsa ya ke. Mai waswasi ma ba a bar shi cikin wahala ba. An ce ya watsar da shakkar, kada ya sake kawo abin da ya ke shakka a kai, ya yi ba'adi ya huta. Haka nan marar lafiya, an jera masa hali bakwai: tsaye, ko tsaye da jingina, ko zaune, ko zaune da jingina, ko kwance ta dama, ko ta hagu, ko rigingine. Wanda kuma ya yi sakaci shekaru, a ke bin sa salloli, an ce in yana rama na kwana biyar kowace rana ba a kiransa mai sakaci. Duk inda mutum ya faɗi, littafin ya bar masa ƙofar komowa.

Amma fa adalci ya sa a faɗi inda littafin ya gaza. Na farko, ya umarci mai salla da halartar zuciya, bai koya masa yadda a ke samunta ba. Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 1111, ya yi wannan aiki cikin Ihya'u Ulumiddini, inda ya kawo abubuwa shida da ke raya salla daga ciki: halartar zuciya, da fahimtar abin da a ke faɗa, da girmamawa, da kwarjini, da fata, da kunya, ya kuma bayyana sanadin kowane da maganin rashinsa. Ahalari ya nuna rijiyar, bai ba da guga ba. Na biyu, bai fassara ko bayyana ma'anar Fatiha da tahiya da tasbihi ba, domin ya rubuta ne ga masu jin Larabci. Ga Bahaushe wannan babban giɓi ne, gama da wuya zuciya ta tsaya kan maganar da ba ta san ma'anarta ba. Na uku, addu'a, wadda ita ce ganawar bawa da Ubangijinsa a kan bukatunsa, ambatonta kawai ya yi cikin mustahabbai, bai tsaya a kanta ba. Ga shi kuma bai kawo hujjojin yawancin hukunce-hukuncensa ba, ko da ya ke wannan al'adar taƙaitattun littattafai ce, an bar wa malami ya cike.

Waɗannan giɓi na gaske ne, sai dai yawancinsu na ƙanƙantar littafin ne, ba na karkatarsa ba. Matakin farko na tsani ba a zarginsa don bai kai soro ba. Laifin da ya fi girma yana wajen karatu, inda a kan kwana bakwai a kan mas'alar mamu, a wuce fasalin ƙanƙan da kai da zama guda, don ba a jayayya a kansa, ba a kuma burge kowa da saninsa.

Saboda haka wanda Allah ya ba ikon karanta wa kansa, ga fassarar Ahalari da Hausa ana samu wajen masu sayar da littattafai. Ya kamata ya koma masa da idon babba. Ya fara da shafunan tuba, ya auna kansa da su. Ya karanta ɗan fasalin nan na tsakiya sau da yawa, har ya zauna masa. Sa'an nan ya tafi wurin malami ya nemi ma'anar abin da ya ke faɗa sau 17 kowace rana cikin raka'o'in farilla, tambaya kuwa rabin ilmi ce. In ya yi haka, ran da ya rafkana ya sunkuya yin ƙabli, zai san gaban wanda ya sunkuya.

Allah ya jiƙan Shaihu Abdurrahman, ya karɓi ibadar bayinsa, amin.