Dodo da Maye: Nazari a kan Labarun Ban Tsoro

Labarin ban tsoro shi ne wanda aka tsara musamman domin ya tayar da tsikar jikin mai ji. A Ingila akan ƙirga mafarinsa a rubuce daga littafin The Castle of Otranto na 1764. Mary Shelley ta biyo da Frankenstein a 1818, Bram Stoker kuwa ya fitar da Dracula a 1897. Daga nan majigi ya karɓa, har Jamusawa suka yi Nosferatu a 1922. Galibin masu karatu da kallon waɗannan ba su gaskata akwai gawar da ke tashi ta sha jini ba. Tsoron aro suke yi, su gama su kwanta barci.

A ƙasar Hausa kuwa abin tsoro iri biyu ne. Na farko Dodo, wanda ake yawan gamuwa da shi cikin tatsuniyoyin da Frank Edgar ya buga daga 1911 zuwa 1913. Mazauninsa kurmi ko gulbi, aikinsa kuwa horo, watau budurwar da ta ƙi kowane saurayi mai tabo ita ce kan faɗa hannunsa. Da an ce ƙurunƙus, ya koma inda ya fito. Haka iskokin da mutanen da suka ce suna Dutsen Kwatarkwashi, a yankin Bunguɗu, wurinsu sananne ne, can nesa da zaure.

Na biyu maye, shi kuwa cikin gari yake. A nan ne nauyi ya hau kan marubuta da masu shirya finafinan Hausa, waɗanda sana'arsu ta kankama a Kano tun daga Turmin Danya na 1990. Mai kallo a Karakkai ko Tsafe ba ya zaton Dodo zai shigo masa gida, amma ya san tsohuwar da ke zaune ita kaɗai a ƙarshen unguwa. In zazzaɓin cizon sauro ya sa yaro sambatu har ya ambaci sunanta, sai a ce ta kama kurwarsa, a tilasta mata ta tsallake shi, wani lokaci har da duka. Fim ɗin da ya ba mayya fuskar irin wannan tsohuwa ya ƙara wa wutar itace.

Saboda haka yawan razanarwa bai isa ma'aunin kyawun irin wannan labari ba. Lalle mai nazari ya duba a kan wa tsoron ya sauka bayan an watse daga kallo.