Tsakanin Lalle da Furfura: Ina Magidanta a Ƙagaggun Labaranmu?

Gabatarwa

Duk wanda ya saba karɓar rubuce-rubucen da 'yan ƙungiya ke kawowa a duba musu, ko na ɗalibanmu na sakandare a nan Anka da Gummi da Bukkuyum, zai lura da abu guda. Labari kan fara ne ranar da saurayi ya yi ido huɗu da budurwa, ya ƙare ranar da aka kai amarya ɗakinta. In kuwa an ga mutum mai shekara arba'in ko hamsin a ciki, to ɗayan uku ne: ko uba mai taurin kai da ya rantse sai ya yi wa 'yarsa auren dole, ko alhaji mai kuɗi da ya zo ƙwace wa talaka budurwa, ko kishiyar uwa mai bin bokaye. Da an ɗaura aure sai a sallame su, aikinsu ya ƙare. Manufar wannan ɗan sharhi ita ce mu tambayi kanmu dalilin da ya sa muka bar wannan mutum a bakin ƙofa, alhali shi ne ke ɗauke da gida da gari.

Tsohuwar Giɓi Ce

Kada mu yi saurin ɗora wa marubutan yau laifi, domin giɓin ya daɗe. Mu dubi littattafan da suka fito a 1934 bayan gasar da Rupert East ya shirya a Zariya. A Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, dattijo ne ke ba almajiransa labari, amma kusan dukkan labarin na ƙuruciyarsa ne: sace shi da aka yi, da bauta, da ƙetare hamada. A Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, mai ba da labarin ya riga ya dawo gida ya natsu, yana tuna yawon da ya yi ne. A Ganɗoki na Bello Kagara ma tsoho ne ke zayyana wa yara jaruntakarsa ta da. Ke nan muna da tsoho mai waiwaye, muna da yaro mai yawo. Shekarun da ke tsakani, waɗanda mutum ke ciyar da iyali yana binne iyaye, an tsallake su kamar kwata.

Da aka shiga 1980, So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina suka kawo soyayyar matasa tsakiyar fage. Daga nan littattafan Kano suka ɗauka, In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya zama abin kwatance a farkon shekarun 1990. Ba mu cikin masu raina waɗannan littattafai. Sun sa dubban mata karatun boko a cikin ɗakunansu, sun kuma fito da zancen auren dole fili. Sai dai muhawarar da aka tafka a jaridu kan "adabin kasuwar Kano" a wancan lokaci ta fi karkata ga tarbiyya da ingancin ɗab'i. Tambayar da muke yi a nan daban take: idon wa marubuci ya ara yake kallon duniya da shi?

Abin mamaki shi ne al'adarmu da addininmu ba su raina wannan zango ba. Alƙur'ani mai girma ya ambaci cika shekara arba'in a Suratul Ahƙafi, kuma a wannan shekarun ne aka aiko Manzon Allah (SAW). Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya yi shekaru yana wa'azi a ƙasar Zamfara, an haife shi a 1754, ya yi hijira zuwa Gudu a 1804 yana gab da cika hamsin. Manyan shawarwari na rayuwa a nan ake yanke su. Alƙalaminmu ne kawai ya juya musu baya.

Darasi Daga Rabi

Akwai littafi guda da ya kamata kowane sabon marubuci ya karanta da fensir a hannu, wato Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, kuma Aliyu Kamal ya fassara shi zuwa Ingilishi aka buga a Indiya a 2012. Tauraruwarsa Rabi ba budurwa ba ce. Uwar 'ya'ya tara ce da ta daɗe a gidan Alhaji Abdu, ɗan kasuwa mai ƙuntata wa iyali. Ya auro Delu, ya kori Rabi da 'ya'yanta, ita kuwa ta kama sayar da abinci ta riƙe su.

Ƙarfin littafin yana cikin lissafi. Marubuciyar ta sa mun ji nauyin kuɗin cefane da ba ya isa, da ɗawainiyar makarantar yara, da kunyar zuwa neman taimako wurin dangi. Ba ta tsaya ta yi mana huɗuba kan haƙƙin mata ba, ta bar tukunya ta yi magana. Ƙarshen labarin ma abin nazari ne. Bayan gobara ta cinye dukiyar Alhaji Abdu, Delu ta kama gabanta, sai aka taru aka matsa wa Rabi ta karɓe shi, ba da son ranta ba. Wasu masu karatu kan ji haushin wannan ƙarshe. Mu a ganinmu nan ne marubuciyar ta fi faɗin gaskiya, domin mace mai 'ya'ya tara da surukai ba ta da 'yancin yin fushi irin na budurwa. Ta yi nasara a kasuwa, aka ƙwace nasarar a zaure.

Amma littafin yana da rauni biyu. Na farko, horon Alhaji Abdu daga waje ya zo masa. Wuta ce ta durƙusar da shi, ba mu shiga zuciyarsa mun ga abin da ke sa magidanci mai furfura ya wulaƙanta uwar 'ya'yansa ba. Tsoron tsufa ne? Gasa da abokan kasuwa ce? An bar mu da zato. Na biyu, labarin auren Saudatu, 'yar Rabi, da Alhaji Abubakar ya ci shafuka da yawa, kamar marubuciyar tana biyan kasuwa kuɗin fito kafin a bar ta ta haye da Rabi. Duk da haka ta buɗe ƙofa. Abin takaici shi ne ƙarancin waɗanda suka bi ta ciki, musamman a ɓangaren maza.

Magidancin da ke Ƙofar Gidanmu

Yanzu mu dawo gida. Mu ɗauki mutumin da aka haifa a 1980 a wani ƙauye na Anka ko Bukkuyum. Yana ɗan shekara 16 aka ƙirƙiro Jihar Zamfara daga Sakkwato, ranar 1 ga Oktoba, 1996, aka ce masa arziki ya matso kusa. Yana gab da ashirin aka ƙaddamar da Shari'a a Gusau a watan Oktoba na 1999, ya sa rai zalunci ya ƙare. Yana ɗan talatin, a 2010, aka gano gubar dalma a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da 'Yargalma da Bagega, inda yara fiye da 400 suka rasu. Kafin ya cika arba'in 'yan bindiga sun raba shi da gonarsa, wataƙila ma ya kwana a sansanin 'yan gudun hijira a Anka. Wane saurayin littafi ne ya ga rabin abin da wannan bawan Allah ya gani?

Mu tsaya kan zancen dalma, domin a nan ne za a gane bambancin labari mai zurfi da labari mai mugu da nagari. Farashin zinari ya tashi a duniya, noma kuwa ba ya kai mutum ƙarshen shekara. Sai magidanta suka riƙa kawo duwatsun ma'adini cikin gida ana dakawa, ana niƙawa da injin niƙan hatsi. Duwatsun na ɗauke da dalma mai yawa, ƙurar ta bi ƙasa da kwanuka da hannuwan yara masu rarrafe. Sai da likitocin ƙungiyar MSF suka lura da yawan mace-macen yara kafin a san musabbabi. To, uban da ya kawo dutsen nan gida don ya saya wa 'ya'yansa hatsi da sutura, ya wayi gari ya binne biyu daga cikinsu, mugu ne ko nagari? Yaya yake kallon matarsa? Me yake faɗa wa Ubangijinsa da asuba? In yunwa ta sake matsowa, zai koma ramin ko ba zai koma ba? Wannan shi ne jigo. Babu boka a ciki, babu kishiya, amma ya isa ya hana mai karatu barci.

Haka nan malamin makaranta a Gummi da ya shekara ashirin yana gaya wa yara cewa ilimi shi ne gishirin zaman duniya, sai ga ɗalibin da ya gudu daga aji uku ya dawo daga wurin haƙar zinari da sabon babur yana ba shi kuɗin goro. Haka nan uwar da aka nemi kuɗin fansar ɗanta, ba ta da abin sayarwa sai gonar gadon marayun da ke hannunta. Irin waɗannan mutane ba sa neman wanda za su aura. Suna neman sanin ko abin da aka koya musu tun suna yara, wato gaskiya da haƙuri da riƙon amana, har yanzu yana da daraja a kasuwar yau.

Shawara ga Sababbin Marubuta

Na farko, a ba magidanci aljihu. Mu san abin da yake samu da abin da ake bin sa, kuɗin taki da na asibiti da gudummawar biki. Halin mutum a wurin rabon abin da bai isa ba yake bayyana.

Na biyu, a ba shi jiya. Mai shekara arba'in ya riga ya yi kuskuren da ba ya gyaruwa, ya yi alkawarin da ya kasa cikawa. Matashi yana tsoron abin da zai faru, shi kuwa yana zaune da abin da ya riga ya faru.

Na uku, a tsayar da shi tsakanin iyayensa da 'ya'yansa. Tsohuwarsa ta ce ba za ta bar garin da aka binne mijinta ba, 'ya'yansa na cewa a koma Gusau ko Sakkwato. Duk wanda ya bi, ya saɓa wa wani.

Na huɗu, a rage wa'azi. In marubuci ya ga sai ya fito a shafin ƙarshe ya bayyana darasi, to labarin bai yi aikinsa ba. Kada kuma a riƙa kiran gobara ko haɗarin mota su zo su yanke hukuncin da ya kamata zuciyar tauraro ta yanke.

Na biyar, a saurari yadda dattawanmu ke magana a wurin zaman makoki da bakin kasuwa. Sukan faɗi babban abu da kalmomi kaɗan, cikin Zamfarcinsu. Kada a sa musu Hausar rediyo a baki.

Kammalawa

Ba muna cewa a daina rubuta soyayya ba ne. Muna cewa ne a bi amarya har bayan lallen ya goge, a ga yadda ta zama Rabi, a bi ango a ga ko ya zama Alhaji Abdu ko ya tsira. Wannan aiki ya fi hawa kanmu mu da muka kai waɗannan shekaru, domin masu iya magana sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Matasan ƙungiya kuwa ga iyayenku nan zaune a zaure da tsakar gida, ku matsa kusa ku tambaye su. Muna fata a fitowa ta gaba mu ga gajeren labari ko guda ɗaya wanda tauraronsa ke da furfura a gemu da bashi a wuya. Allah ya sa mu dace, amin.