Mudun Awon Littafi a Hannun Hukumar Tacewa

Tun shekara ta 2001, da aka kafa Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta Jihar Kano bayan ƙaddamar da Shari'a, ake gardama a kan iyakar ikon hukuma bisa alƙalamin marubuci. Cikin 2007 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, ta hannun shirin A Daidaita Sahu, ta ƙone littattafan soyayya da aka karɓe daga hannun 'yan makarantar mata. Cikin 2008 kuwa, zamanin shugabancin Abubakar Rabo Abdulkarim, aka nemi kowane marubuci ya yi rajista da hukumar. Dalilin da aka bayar shi ne kare addini da tarbiyya. Lalle dalili ne mai ƙarfi, amma fa tilas a duba mudun da ake awo da shi, gama rubutun da ake kuka da shi iri biyu ne.

Na fari shi ne wanda ya taɓa martabar addini kansa. Misalinsa maƙalar da jaridar ThisDay ta buga cikin Nuwamba 2002 a kan gasar sarauniyar kyau ta duniya, wadda ta ambaci Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta hanyar da ba ta dace ba. Jaridar ta nemi gafara, duk da haka mutane fiye da 200 suka halaka a rikicin Kaduna. Tsarin mulki na 1999 ya ba da 'yancin faɗin ra'ayi a sashe na 39, sa'an nan a sashe na 45 ya yarda a taƙaita shi domin zaman lafiya da ɗa'ar jama'a. Irin wannan rubutu yana da hukuncinsa a gaban alƙali.

Na biyu shi ne wanda ke nuna aibin Musulmi a cikin gidansa. A dubi littafin Balaraba Ramat Yakubu, Alhaki Kuykuyo Ne, na shekarar 1990. Alhaji Abdu, ɗan kasuwa a Sabon Gari, ya auro karuwa mai suna Delu, ya saki Rabi uwar 'ya'yansa tara. Rabi ta kama sayar da abinci ta riƙe 'ya'yanta. Daga baya gobara ta cinye shagonsa, amaryar ta ci amanarsa, ya komo yana neman wadda ya wulakanta. Wanda ke ƙidayar kalmomi zai tarar da karuwanci da cin amana, ya ce littafin ɓata tarbiyya ne. Wanda ya karanta har ƙarshe kuwa zai ga hukuncin labarin ya faɗa kan azzalumi, watau abin da malamai ke wa'azi da shi ke nan game da haƙƙin iyali. Har wa yau labarin bai yi wa mai karatu rufa-rufa ba, domin komawar Rabi gidan mijin ba daɗi ta jawo mata ba, sabuwar ɗawainiya ce. Magana Jari Ce ta Abubakar Imam ma cike take da ɓarayi da 'yan damfara, ga shi kuwa da ita aka tarbiyyantar da yara a makarantu.

In aka gama iri biyun nan a mudu ɗaya, mai hasara ba ya cikin birni kaɗai. Littafin da aka hana a kasuwar Kano ba zai kai Tudun Wada ba, balle Riruwai can ƙarshen kudu, inda wata matar aure za ta iya ganin halinta cikin na Rabi, ta san abin da aka yi mata zalunci ne. Saboda haka ya wajaba mai tacewa ya karanta littafi har shafin ƙarshe, ya rubuta dalilinsa a takarda, ya kuma ba marubuci damar kare kansa kafin a yanke hukunci.