Tulun Matattu da Tulun Masu Rai

A shekara ta 1950 aka buga wani littafi a Faris da harshen Faransanci mai suna La Civilisation du Tchad. Jean-Paul Lebeuf da Annie Masson-Detourbet ne suka rubuta shi. Batunsa shi ne mutanen Sao, waɗanda suka zauna kudu da Tafkin Chadi, suka bar tuddai cike da kayan yumɓu. Lebeuf ya fara tono a wannan ƙasa tun 1936, sa'ad da ya zo tare da Marcel Griaule.

Yabon gwani ya zama dole. A bakin jama'a, Sao ƙattai ne na tatsuniya masu ƙarfin da ya wuce na ɗan Adam. Littafin ya nuna mutane ne masu sana'a. Sun gina manyan randuna, suna naɗe mamaci su sa shi ciki, sa'an nan su kife wata a bisa. Sun ƙera siffofin mutane da na dabbobi da yumɓu, sun kuma iya zubin tagulla. Wanda ya taɓa jin cewa baƙar fata ba shi da tarihi kafin zuwan Turawa, ga amsa a cikin ƙasa.

Amma akwai abin dubawa. Na fari, sunan Sao ya zama kamar buhu, ana zuba masa kome. Tuddan ba na zamani ɗaya ba ne, tsakanin waɗansu akwai ɗaruruwan shekaru. Aikin da Graham Connah ya yi a tudun Daima na Borno a 1965 da 1966, inda ya bi ƙasa hawa hawa, ya nuna yadda ginin tukwane ya yi ta sakewa daga tsara zuwa tsara.

Na biyu ya fi nauyi. Hankalin littafin yana kan abin da ke binne. An kafa Fort-Lamy, wato Njamena ta yau, a 1900, bayan yaƙin Kusuri inda Rabe da Lamy suka mutu. Sabon gari ne mai ƙishi. Sojoji, da fatake, da Larabawan Shuwa, da Barebari, da Hausawa, duka daga tulu da randa suke sha, kafin garwa da kwano su yi yawa. Wa ya gina tulunan nan? Nawa ake sayar da su? Wannan shi ne tarihin talaka a farkon mulkin Faransa, ba shi ne kuwa abin da masu tono suka zo nema ba. Gaskiya ne Lebeuf ya danganta Sao da Kotoko, ya kuma yi rubutu a kansu daga baya. Duk da haka kayan da yawa sun tafi Faris, bayaninsu kuma yana cikin harshen da maginiyar tukwane ba ta karantawa.

A ƙauyen Gawi, kusa da Njamena, matan Kotoko suna gini da hannu har yanzu, tsohuwar fadar sarki kuma ta zama gidan kayan tarihi. Tulun matattu ya sami marubuta. Saura a zauna da tsofaffin matan nan a rubuta abin da suka gada tun suna da rai, gama waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.