Gwanin da ke haɗa kwamfutocin ofis a kan rumbu ɗaya

An san Baleyara da kasuwarta ta ranar Lahadi, inda Zabarmawa da Buzaye da Fulani da Kurfayawan Filinge ke haɗuwa. Tun da garin ya zama cibiyar gunduma a 2011, aikin takarda ma ya samu gindin zama. A irin wannan wuri akwai gwanin da ba a cika yaba masa ba: mai haɗa kwamfutocin ofis su riƙa ɗibar takardu daga jaka guda, kamar 'yan gida ɗaya da rumbunsu.

Ga yadda yake yi. Zai zaɓi kwamfuta ɗaya ta zama ma'ajiya, ya buɗe jakar ga sauran, ya kafe mata lambar adireshi don kada ta sauya idan wuta ta ɗauke ta dawo. A kan Windows, sai ya danna maɓallin Windows tare da R, ya rubuta \\ da lambar, misali \\192.168.1.10, jakar ta bayyana. Daga nan ya laƙaba mata harafi, kamar Z, ta zauna kullum a gaban sakatare. A Ubuntu ko Mac, da smb:// ake farawa. Harshen da na'urorin ke magana da shi sunansa SMB. An ƙirƙiro shi a kamfanin IBM a 1983, kuma manhajar Samba da Andrew Tridgell ya fitar a 1992 ce ta koya wa Linux shi.

Abin burgewa shi ne duk wannan ba ya bukatar intanet. Waya ko wifi na cikin ofis ya isa, babu kuɗin kati, babu yawo da kilen USB daga tebur zuwa tebur ana kwasar ƙwayoyin cuta.

Amma inda gwaninta take a rabon izini ne. Wani karatu kawai ya dace da shi, wani ya gyara, wani kuma kada ma ya ga jakar albashi. Gwani yana rufe tsohon SMB1, ƙofar da cutar WannaCry ta bi ta addabi duniya a Mayun 2017, sannan ya ajiye kwafi a wani faifan daban, domin abin da aka goge daga nesa ba ya faɗawa kwandon shara.

Duk ofishin da ke da irin wannan mutum, ya riƙe shi hannu bibbiyu, ya kuma sa shi ya koya wa na baya.